Ƙanƙarar Azumi a Gidan Ango

Ango Ɗanaudu ba ya shiga gona da takalmi. Ko tasa, ko ta wani, yana isa bakin iyaka zai tuɓe su ya kife a kan kunya, sannan ya taka. Mutanen Kende sun daɗe da daina tambayarsa dalili, domin ba ya ba da amsa, sai dai ya dubi ƙafar mai tambayar ya wuce.

Da ƙuruciya ba noma ya sa gaba ba. Babur ya hau, yana ɗaure jarkokin fetur yana bin hanyar daji ta Tsamiya zuwa Segbana a ƙasar Benin, ya dawo da taliya da atamfa. Wata faɗuwa ce a cikin kwazazzabo ta ɓata masa gwiwa, ya ajiye babur. A lokacin ne Alhaji Ma'azu, mai filaye da yawa a bakin kogi, ya ara masa fadama guda. Ba a rubuta komai ba. Da kaka Ango yakan kai buhun shinkafa gidan Alhaji, shi ke nan. Amma kowa a garin ya san sharaɗin da ba a faɗa: gonar aro ba ta zama banza. Damina ɗaya ta wuce ba ka noma ta ba, mai ita zai ba wani, kuma babu wanda zai ce ya yi zalunci. Fadamar nan ce ta ciyar da Ango da matarsa Jummai, ita ce ta yi wa 'yarsu Mansura kayan ɗaki aka kai ta Kamba.

Turakun wutar gwamnati sun daɗe a tsaye a bakin hanya, tsuntsaye kaɗai ke amfani da su. Sai wani kamfani ya zo ya jera faifan sola a bayan makarantar firamare, ya ja waya gida-gida. Wakilinsu Sadisu ne, ɗan Atika maƙwabciyar Ango, mai shagon cajin waya. Shi ya bi gidaje yana bayani: ba sai ka je biya ba, ka ba da lambar asusunka na banki, kowane wata su ciri abu kaɗan, daidai wa daida, ba ƙari ba ragi.

"Wato hannunsu na cikin aljihuna ina barci," in ji Ango.

"Haba Baba, don ku huta anka yi shi."

Ango ya dubi Jummai tana fifita da murfin kwano, ya miƙa babban yatsa aka dangwala. Da Mansura ta ji an kawo wuta, ta aiko musu da firiza ta hannu, babba, wadda sai da aka cire ƙyauren ɗaki kafin ta shiga.

Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar bazara. Rana ce irin wadda awaki ke neman gindin katanga tun hantsi. Firiza kuwa a unguwar ba ta wuce ta gidan Ango ba. Ranar farko Atika ta aiko da kwanon kunu a sanyaya mata. Kafin mako ya zagayo, da la'asar zauren Ango ya koma kamar bakin rijiya: jarkoki, butoci, kwanuka, kowa da alamar da ya ɗaura wa nasa. Jummai na ƙulla ruwa a leda tun safe, firiza na gurnani ba hutu. Har dangin Jummai, Dendawa na tsallaken iyaka, sukan zo da kula a bayan babur. Wani baƙo ya taɓa miƙa kuɗi, Ango ya ture hannunsa.

"Ruwan buɗa baki za ka saya? A garinku haka a kai?"

Ba Ango ya ƙirƙiro wannan ba. Haka aka taso aka gani: wanda Allah ya ba abin sanyi da azumi, na unguwa ne.

Bayan Salla Ango ya sayar da ragowar shinkafarsa, ya zuba kuɗin a asusu. Na huɗa ne da taki da maganin ciyawa, kuma ya ajiye su a banki ne don kada hannu ya taɓa. Saƙonni sukan shigo wayarsa da Turanci, shi kuwa abin da ba ya iya karantawa ba ya tsayar da shi.

Da hadari ya fara haɗuwa, ranar kasuwar Bagudo ya je rumfar mai taki. Ya zaɓa, an jawo buhuna, har an kira mai amalanke. Mai taki ya zura katin Ango a na'ura, ya jira, ya cire, ya goge shi a riga, ya sake zurawa.

"Malam Ango, abin ya ƙi."

"Sabis ne. Sake."

"Ba sabis ba ne." Mai taki ya rage murya, amma mutanen da ke layi sun riga sun ji. "Kuɗin ne ba su kai ba. Ko rabi."

Mai amalanke ya fara sauke buhunan ɗaya bayan ɗaya. Ango ya tsaya ya kalle shi har ya gama. Sannan ya nemi mota.

Bai biya gida ba, ya zarce wurin Sadisu. Sadisu na zaune a shago yana cin gyaɗa, ya ɗaga kai zai gaishe shi, sai ya ga fuskarsa ya miƙe.

"Ɗan Atika, mi kac ce mini ran da kaz zo gidana?"

"Baba, ku zauna tukuna."

"Ban zamnawa. Ba ƙari ba ragi, ko ba haka kac ce ba?"

Sadisu ya karɓi wayar ya bi saƙonnin. Ya yi ta sosa ƙeya. Ya ce wutar da aka sha da azumi ta zarce kuɗin da ake cirewa, sun cire cikon. Ango ya ce wannan bai musa ba, an sha, a biya. Sadisu ya ce to, ba nan ta tsaya ba: sun duba watan nan sun ɗauka haka gidan zai riƙa sha kullum, sai suka ninka abin da suke cirewa har sau uku, kuma tun bayan Salla suke cirewa a haka.

"Wa ya duba?"

"Na'ura ce ke lissafi, Baba."

"Na'urar ba ta san an sha ruwa ba? Ba ta ga wata ba? Tun Salla firizar nan abin da ke cikinta ɗan kifi ne da ragowar miya!"

"Sun aiko da sanarwa."

"Da bakin wa? Kai da ka iya zuwa gidana da takarda, ƙafarka ta karye ne da za a faɗa mini? Uwarka ita ta fara aiko da kwano. Kai kanka, wa ya sanyaya maka zoɓon da ka saida a nan?"

Masu cajin waya suka sunkuyar da kai, wani ya ƙunshe dariya. Sadisu ya kira ofishinsu ya sa a lasifika. Wata mata ta ɗauka, mai taushin murya. Ta ce kuɗin Malam ba su ɓata ba, suna nan a ajiye da sunansa, in aka sake duba lissafi a ƙarshen shekara za a rage, rarar kuma ta zama ta gaba.

"'Yata," in ji Ango, yana matsowa kusa da wayar, "kin taɓa ganin shinkafar da ta jira ƙarshen shekara?"

Ta ce ta fahimta, kuma tana ba shi haƙuri. Ya ce a maido masa yau. Ta ce tsarin bai yarda ba. Ya ce to a yanke wutar. Ta ce yarjejeniyar da ya dangwala ba ta ƙare ba tukuna. Ta tambaya ko akwai wani abin da za ta taimaka masa da shi.

A gida Jummai ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, ai ba mu kaɗai munka sha ba. Ka faɗa wa liman ya yi magana bayan sallah, kowa ya kawo abin da ya samu."

Nan ne muryarsa ta tashi, har kaji suka watse.

"In bi gida-gida in ce a biya ni ruwan da na ba mai azumi? In amshe sadakata? Su can sun shiga aljihuna ba sallama, ni kuma in shiga na talakawa?"

"To ka kira Mansura."

"Ita ta ba mu firiza. In ce mata kyautarta ta cinye gona?"

Jummai ta koma kan aikinta. Ta san shi. Labarin ya zaga unguwa duk da haka, domin a gaban mutane aka yi shi. Atika ta aiko da ƙwaryar gero, Ango ya ce a mayar. Sauran suka riƙa yi masa jaje a hanya, irin jajen da ake yi ana tafiya.

Ya kwashe abin da ya rage a asusun ranar da ya samu dama, kafin su sake kai hannu. Bai kai kuɗin huɗa ba, sai ya sayi taki ɗan kaɗan, ya ɗauki fartanya da kansa, da gwiwar nan tasa. Wata ya cika, kamfani ya lalubi asusu bai samu komai ba, mita ta yi ƙara ta ɗauke wuta. Kuɗinsa na hannunsu, gidansa na cikin duhu. Jummai ta wanke firizar ta zuba tsaba a ciki saboda ɓeraye.

Wata safiya Alhaji Ma'azu ya tsaya da babur a bakin fadama. Ya daɗe yana kallon inda aka gyara da inda ciyawa ta kai gwiwa.

"Ango, sannu da aiki. Na ga bana abin ya yi maka yawa."

"Zan gama, Alhaji."

"Allah Shi sa. Isma'ila na Matsinkai dai ya zo wurina sau da yawa. Na ce mishi ya dakata."

Ya tada babur. Bai ce wani abu mara daɗi ba.

Ango ya ga fartanya ɗaya ba za ta riga ruwa ba. Ya ɗaure 'yan kayansa ya bi tsohuwar hanyarsa ta Tsamiya, a ƙafa da bayan babur ɗin mutane, ya je ƙodago a gonakin auduga na wajen Segbana, inda ake biya da sefa. Dattijo mai furfura cikin samari, suna ce masa Baba suna wuce shi a kunya. Niyyarsa ya samo kuɗin shanun huɗa ya dawo da wuri. Ya samo ɗin. Amma ran da ya dawo, kogi ya riga ya hau, ɓangaren gangare na fadamar ya zama tafki, kuma ba a huɗa a cikin ruwa.

Da kaka abin da ya samu bai taka kara ya karya ba, duk da haka ya kai wa Alhaji buhunsa. Alhaji ya karɓa, ya yi godiya, ya sa aka kawo masa ruwa. Bayan kwana kaɗan aka ga Isma'ila yana zaga fadamar yana kafa turaku.

Akwai wani shingen ƙasa da Ango ya fara ɗagawa tun kafin tafiyarsa, don ya tare ruwa daga gangare. Ya faro shi daga gindin giginya, ya ja shi miƙe, da faɗi, an daddaɓe shi da bayan fartanya. A tsakiyar gona ya tsaya. Isma'ila bai rushe shi ba, bai kuma ƙarasa ba, sai ya ja nasa daga wancan gefen.