Notin da Na Sassauta wa Ermanno

Idan maganar kirki ake yi, ƙanena Ermanno Ghidoni mutumin kirki ne, duk unguwarmu ta gefen birnin Brescia za ta shaida. Idan kuma taurin kai ne, to a zo a tambaye ni, ni Ortensia da na raine shi, na kuma shafe shekara talatin ina durƙuso a gindin motar tserensa da sufana a hannu.

Ni na gaji garejin babanmu, shi kuwa aikin haɗa bututun gas ya koya. Tun yana ɗan koyo maigidansa ya cusa masa cewa noti ɗaya a sake yana iya kashe mutanen gida guda suna barci. Maganar ta shige shi har ɓargo. Kwalbar miyar tumatir idan Ermanno ya rufe ta, sai matarsa Nerina ta jira ya dawo daga aiki kafin a ci taliya. Famfon gidansa kuwa sai da hannu biyu. Ba komai, a can ɗaurewa ita ce sana'a. Amma wa ya aike shi ya kawo wannan hali filin tseren kart?

Kart 'yar mota ce, ba ta da komai sai firam na bututun ƙarfe da inji da kujera, tayoyin baya biyu kuma a kan sanda guda suke. In za ta sha kwana, dole firam ɗin ya ɗan lanƙwashe, tayar baya ta ciki ta ɗaga kamar kare zai yi fitsari. In ba ta ɗaga ba, sai motar ta yi ta tsalle tana dukan haƙarƙarin mai tuƙi. Da safe kwalta na da sanyi da santsi, sai a ɗaure firam don taya ta kama ƙasa. Da rana ta take, robar tayoyi ta shafe hanya ta yi danƙo, sai a sassauta. Kowa a rumfunan masu tseren nan ya san wannan, har mai sayar da gahawa. Ermanno ma ya sani, hannunsa ne bai sani ba.

Shi ya sa duk ranar Lahadi labarinmu ɗaya ne. Da safe zaki, da yamma jaki. A rukunin dattawa yake tsere, kuma bai taɓa hawa dandamalin ukun farko ba, ko sau ɗaya. Nerina ta keɓe wa kofi wuri a kan kabad ɗin falo tun 'ya'yansu na firamare, har suka yi aure wurin na nan fayau, tana share masa ƙura.

Bara likita ya auna zuciyarsa ya ce daga wannan kakar tsere an gama, ba zai ƙara sa masa hannu a takardar tsere ba. Tseren ƙarshen watan Satumba shi ne na ƙarshe. Ko kofi ranar, ko babu har abada.

Safiyar ta zo da raɓa, motarsa kuwa a ɗaure tamau yadda yake so, sai ga Ermanno ya yi na biyu a gwajin gudun da ake jera layin tashi da shi. Tullio, wani tsohon mahauci mai rumfa kusa da tamu, ya leƙo yana dariya.

"Ortensia, me kika ba tsohon nan ya ci? Ko agogon ne ya bugu?"

"Kai dai ji da tumbinka," na ce, "ya fi injinka nauyi."

Kafin azahar rana ta buɗe, na taka kwalta na ji takalmina na mannewa. Na ɗora motar a kan keken turawa, na sassauta notin bambar baya, na sassauta ƙarafan da ke tokare kujera. Notocin nan masu roba ne a ciki, ko shekara za su yi ba za su faɗi ba. Sannan na kamo Ermanno a kwala.

"Dube ni nan. Da gangan na sassauta. Kana ji?"

"Ina ji, Yaya."

"Za ka ji bamba na ɗan kaɗawa. Haka nake so. In ka taɓa, wallahi sai na karya maka yatsu."

"Haba Yaya, ni yaro ne?"

Na tafi bayan gida na dawo, shi ke nan fa. Na tarar har ya tura motar layi ya sa hular kwano.

Aka ɗaga tuta. Kwanar farko ya riƙe matsayinsa. A kwana mai kaifi ta can ƙarshen fili sai na ga bayan motar ya yi tsalle, ɗif, ɗif, ɗif, kan Ermanno na kaɗawa. Tayar ciki ko motsi, tana manne da ƙasa. Nan take na gane. Na yi ta ihu a jikin wayar shingen fili har muryata ta dushe, me zai ji? Mutum ɗaya ya wuce shi, wani ya bi, har Tullio da tumbinsa ya wuce shi ta waje. Tullio! Mutumin da birki ya fi totur aiki a ƙafarsa, shi ya ɗauki kofin na uku. Ermanno ya shigo na tara, yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan dafe da haƙarƙari.

Ban ce masa sannu ba. Na sa sufana a notin bamba, na danna da duk ƙarfina, ya ƙi motsi.

"Ermanno! Uban wa ya ɗaure wannan?"

Ya kau da kai.

"Magana nake maka! Shekara talatin na bar gidana duk Lahadi, gwiwoyina sun mutu a kan siminti, yau ɗaya Allah ya kawo mana abu har bakinmu, ka sa hannu ka zubar! Ban faɗa maka ba? Da wane yare kake so in faɗa?"

Mutane suka fara taruwa. Nerina ta tsaya riƙe da kwanon polenta, tuwon masarar da ta kawo don murna, ta rasa inda za ta ajiye shi.

"Ina tura ta na ji tana kaɗawa," in ji shi, da ƙyar yake numfashi. "Na ce bari in taɓa kawai in ji. Yaya, ban san lokacin da na gama da su duka ba."

"Ba ka sani ba! Hali zanen dutse, tir da wannan hannu naka!"

Na tura shi cikin babbar motarmu na nufi asibiti da shi, ban ko kalle shi ba. Haƙarƙari biyu suka tsage. A hanyar dawowa, muna tsaye a danja, sai ya yi magana can ƙasa-ƙasa, idonsa na kan hannayensa.

"Yaya, faɗa min gaskiya. Da na bar su, da na samu?"

Nerina da ke kujerar baya ta taɓa min kafaɗa, tana roƙona in yi masa ƙarya. Ni da na ga yadda wanda ya zo na farkon ma yake fama da danƙon hanyar nan, ni da na san motar kamar tafin hannuna? Ƙarya ba ta fito ba, raina a ɓace yake, kuma har gobe a ɓace yake.

"Da ka samu," na ce. "Ba ma na uku ba."



Motar na nan a garejina, ta cinye min wuri. Masu saye sun zo, na kore su. Shi kuwa Ermanno yanzu ba ya zuwa fili. Ran nan na je cin abincin Lahadi a gidansu, na miƙa hannu na ɗauki kwalbar miya zan ba shi ya buɗe kamar kullum, sai murfin ya zo a hannuna. Na juya na dubi Nerina.

"Tun ranar nan," ta ce a hankali, "ba ya rufe komai."