Kyanwar Kaka Dije da ƙwayar da na daka mata

Shekara huɗu ke nan, a wannan wata, da rasuwar kakata Dije, mai kifin banda a unguwarmu ta bakin kogi a Gaya. Kowace shekara addu'a nake yi mata in yi shiru. A bana kam sai na rubuta, domin makon jiya saura ƙiris in kashe amanar da ta bar mini.

Amanar kyanwa ce. Kaka ta sa mata suna Duwan, wato kwastan, don ba kwandon kifin da zai shigo gidanmu daga kwale-kwale ba ta shinshine shi ciki da bai ba. Ita ke gadin ɗakin banda, ɓera bai isa ya leƙa ba. Ana gobe za a tafi da Kaka garin Dosso neman magani, tafiyar da ba ta dawo ba, ta kamo bakin zanena ta ce, "Ƙawata, ga Duwan nan. In wani abu ya same ta, ni da ke ne." Muka yi dariya, har da ita.

Kaka mutum ce mai kallo. Na tuna ranar da maƙwabcinmu Malam Garba ya rantse zai kori karen da ke tsaron garkarsa, wai ya zama rago. Kaka ta bi shi garkar ta zauna, ta ga yadda karen ke tashi da ƙafafun gaba yana jan na baya, ta ga yana yawan lasar gwiwa, in ya ɗan yi tafiya kuma sai ɗingishin ya ragu. Ta ce, "Malam, ba lalaci ba ne. Ciwona ne ya kama shi. Ka zo da safe ka ga yadda nake miƙewa daga tabarma, in ya so ka kore mu tare." Malam Garba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya je ya shimfiɗa wa karen buhu.

To, tun sanyin da ya wuce Duwan ta fara sauyawa. Katangar da take hawa da tsalle guda, sai ta tsaya tana dubanta kamar mai ciniki, daga baya ta fara bi ta kan turmi, daga baya ta daina hawa. Gashin bayanta ya dunƙule don ta kasa juyawa ta lashe. In na shafa ƙugunta sai ta yi mini huci, ita da ba ta taɓa yi ba. Innata ta ce tsufa ne. Ni kuwa na ce a'a, amosanin gaɓɓai ne irin na Kaka, ina ta jin kaina, ni 'yar lise, mai karatun sakandare.

Ashe ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Tunda ciwon Kaka ne, sai na ce maganin Kaka. Na daka ƙwayar farasitamol na cusa a tsokar kifi na ajiye mata. Ta shinshina, ta dube ni, ta juya baya. Na ce yunwa za ta koya miki hankali, na bar kwanon a gindin randa. Da hantsi na biya wurin likitan dabbobi don in ji ko ƙwaya ɗaya ta isa. Ban rufe baki ba ya miƙe tsaye. "Ina kifin yake yanzu?" Na ce yana gida. Ya ce, "'Yata, ruga! Wannan ƙwayar guba ce ga kyanwa, ko gutsure zai iya kashe ta."

Ban san yadda na hau kabu-kabu ba. Takalmina ɗaya can na baro shi. Ina kuka ina salati, mai babur yana tambayata wa ya rasu. Na faɗa gida, sai ga kifin nan yadda na bar shi, tururuwa ta yanyame shi, Duwan kuwa tana kwance a rana tana hamma. Na ɗauke kwanon na zubar da kifin.

Da Kaka na nan, na san me za ta ce. "Lakwal, makarantar bokon nan taku, ta ba ki takarda, ba ta ba ki bakin tambaya ba?" Sannan ta yi ta ba 'yan kasuwa labarin yadda aka ɗauki kyanwa a kwando aka kai ta ganin likita kamar matar gwamna. Da na kai ta, likitan ya tattaɓa gaɓɓanta, ya ce na gano ciwon da wuri, ya ba da magani nata na kyanwa da awonsa. Ya ce a raba ta da kwanan siminti, a rage mata maiƙo, a jera mata bulo ta riƙa takawa, kuma ko kare ne kada a ba shi maganin mutum sai an tambaya.

Zannuwan Kaka an raba, murhun bandarta yana hannun Inna. Abin da ya rage wanda ba a rabawa shi ne wannan zama da take yi ta kalli halitta kafin ta yanke mata hukunci. Ni rabi na gada: na iya ganin ciwo, ban iya haƙurin tambaya ba tukuna. Ina koyo.

Allah ya jiƙanki Kaka, ya hutar da gwiwoyinki. Duwan tana da rai. Ba wayona ba ne, na amsa, amma tana da rai.