Ranar da Mai Waldana Ya Tafi Shuka

Ni mutum ne mai zargi, ban taɓa ɓoyewa ba. Shekara goma ina da shagon walda a Dutsin-Ma, kuma duk wanda na koya wa aiki, da hannunsa ya faɗa sai wani ya ɗauke min shi. To, ka ga laifina?

Shi wannan mai waldan nawa magidanci ne daga Tamawa, ya iya ƙera ƙofa kamar me. Ranar da na ɗauke shi na tambaye shi salla, na tambaye shi shaye-shaye. Ban tambaye shi gona ba, shi ma bai kawo zancen ba.

Da bazara ta yi nisa sai ya tsiri wani hali. Waya na shigowa zai ajiye ƙarfe ya zagaya bayan shago yana ƙus-ƙus. Na ji kalmar Kurfi har sau biyu, kuma na san akwai mai walda a can da ke neman hannu. Na ce a raina, an fara ke nan.

Ranar Talata aka sheƙa ruwan farko. Laraba bai zo ba. Wayarsa a kashe, ga ƙofar wani Alhaji rabi a ƙasa, mai ita yana ta yi min sintiri. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kwana uku na kawo wani na ba shi wurinsa.

Bayan mako guda sai ga shi da hantsi, ya yi baƙi, ya yi sallama yana naɗe hannun riga.

Na ce, "Malam, an sallamo ka daga Kurfi ne?"

Ya ce, "Shuka na je, Maigida. Ƙanena ne ke ta kirana kan irin da za a sayo a Kurfi."

"Me ya hana ka faɗa min?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. "Ai a kanmu duka aka yi ruwan."

Can ya hangi sabon mutumin a duƙe yana walda. Ya warware hannun rigarsa a hankali, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Ni ɗan manomi ne daga Shema, na san gaskiya ya faɗa. Da na kira shi, da ya dawo. Amma kafin nan dole sai na amsa cewa na yi masa mugun zato, kuma a gaban mutane. Ina tsaye ya tare mashin, ya tafi da bakin 'ya'ya shida a wuyansa.