Haƙorin Duna da Farar Rigata

Har yau ban manta da wata ranar Juma'a ba, a shekarar da aka daina kashe fam aka koma naira. Lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi a Gwiwa, shekarata biyu da kama aiki. Ga wanda bai san tsarin ba, ƙaramin malami shi ne mai yi wa shanu allurar rigakafi, ya wanke gyambo, ya rubuta rahoto. A samansa akwai babban malami. Namu sunansa Malam Haladu, yana zaune a Kazaure, yana zagayo mu jefi-jefi da motar ofis. Likita kuwa sai an jira shi daga Kano.

Ran nan na yi wanka, na sa sabuwar farar riga, na yi alwala ina shirin masallaci, sai ga wani dattijon Bafulatani, Baffa Buba, daga wata ruga ta wajen Roni. Yana janye da baƙin kare da igiya. Ya ce sunan karen Duna, kwana huɗu ke nan ba ya cin abinci, yawu na dalala daga bakinsa, in an taɓa kansa sai ya yi gurnani. Ya ce shi ke tsare musu maruka in an fita kiwo, kuma tun da suka same shi kura ba ta sake ɗaukar musu ko ɗaya ba.

Dokar aikinmu a fili take. Karen da ake zargi da hauka, in bai ciji kowa ba, ɗaure shi ake yi a killace kwana goma. In haukar ce, kafin kwana goman zai mutu. Wanda ake kashewa nan take shi ne wanda ya fantsama cikin gari yana cizon jama'a. Na san wannan sarai. Amma ni, kamar yawancinmu, na tashi da ƙyamar kare, balle yawunsa, balle ranar Juma'a. Na tsaya daga bakin ƙofa, na hango yawun, na ce hauka ce. Na rubuta takarda zuwa ga dagaci cewa a kashe shi bayan an sauko daga masallaci.

Baffa Buba bai ɗaga murya ba. Ya ce karen yana gane shi, yana kaɗa masa wutsiya, yana shan ruwa, sai dai yana ta goga gefen fuskarsa da ƙafa.

Ya ce, "Malam, ka matso ka duba bakinsa kawai. In ka duba ka ce a kashe, ni zan riƙe igiyar."

Na ce masa ni na yi karatun abin, ba shi ba. Na aika da takardar, na wuce masallaci.

Da na dawo, sai na hango motar ofis a gindin darbejiya. Malam Haladu ne ya biyo ta kanmu ba zato. Mutanen dagaci biyu suna tsaye da kulake, Baffa Buba yana zaune a ƙasa tsakaninsu da karen. Takardata tana hannun Malam Haladu.

Ya tambaye ni abin da na gani a bakin karen. Na ce, ranka ya daɗe, yawu na gani. Ya tambaya daga ina na gani. Na nuna masa bakin ƙofa.

Ya dubi rigata daga sama har ƙasa, ya ce, "Isiyaku, kai aka ɗauka aiki ko rigar nan?"

Mutanen dagaci suka yi dariya. Ni dai na sunkuyar da kai.

Ya tuɓe tasa babbar rigar ya rataye a reshe. Ya zauna ya yi wa dattijon tambayoyin da ban yi ba. Nan muka ji cewa Duna ya addabe su da tauna dangwali, wato igiyar da ake ɗaure maruka. Don ya rabu da ita, Baffa Buba ya samo masa busasshen ƙashin ƙafar raƙumi daga kasuwar Babura, ya zama abin wasansa, kullum yana gurgura. Kwana biyar da suka wuce aka ji ya yi ƙara yana cikin taunar, ya yar da ƙashin, bai sake komawa kansa ba.

Malam Haladu ya nuna mini kumburi a ƙasan idon karen na hagu, wanda da na matso taku biyar da na gani. Muka yi masa allurar da ke kashe jiki, muka sa safar hannu. Ya ce ni zan ɗaga leɓen. Na ɗaga. Babban haƙorin baya na sama ya tsage gida biyu, dasashin ya kumbura yana fitar da mugunya. Yawu ya zubo mini a hannun riga, kuma babu abin da ya same ni.

Duk da haka Malam Haladu bai karya doka ba. Ya sallami masu kulake, ya ce a ɗaure Duna a bayan ofis kwana goma, ni zan riƙa yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta, ni zan ba shi abinci. Baffa Buba yana aiko da nono, ina jiƙa tuwo a ciki har ya yi laushi. A rana ta uku ya lashe kwanon tas. A ta shida ya fara kaɗa mini wutsiya, ni da na rubuta a kashe shi. Da likita ya zo zagaye, ya sa shi barci ya cire haƙorin.

Ranar da Baffa Buba ya zo ɗaukarsa, na roƙe shi gafara. Na kuma gaya masa abin da aka koya mini: duk abin da ya fi ƙarfin farce ya lotsa shi, ya fi ƙarfin haƙorin kare. Na ce ya riƙa ba shi tsohuwar igiya ko guntun fata mai laushi. Ya yi dariya ya ce ashe da ya bar masa dangwalin da an huta.

Abin da bai sani ba, kuma ban gaya wa kowa ba sai bayan na yi ritaya, shi ne kafin Duna na rubuta irin wannan takarda sau biyu, duk daga bakin ƙofa. Ban san abin da ke bakin waɗancan karnukan ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Ina neman gafarar Allah a kansu.

Ku da kuke aikin yanzu kuna da kayan da ba mu da su, kuma ina ganin yadda kuke durƙusawa gaban dabba ba tare da an ce ku yi ba. Hakan yana faranta mini rai. Abin da zan ƙara muku kaɗan ne. Mai dabba ya riga ku saninta, ku bar shi ya gama magana. Kuma kada ku sa hannu a takarda kafin ku sa hannu a jikin dabbar. Rigar nan tawa, wanki ɗaya aka yi mata ta fita. Duna kuwa ya ƙara shekara shida yana tsaron maruka.