Man Gyaɗa a Fitilar Mota

Mu huɗu ne a motar ran nan, kuma ko na manta komai na duniya ba zan manta wannan tafiya ba. Akwai ni, da autana mai motar, da matarsa, da jaririyarsu da ko zama ba ta fara ba. Ta'aziyya ce ta kai mu Shinkafi daga Ƙaura, a farkon damina.

Motar tsohuwa ce tukuf. Fitilunta na gaba sun yi yana, sun koma ruwan ɗorawa kamar idon tsohon da ya daina gane mutane. Na yi magana har na gaji. Ran tafiyar na fito da safe na tarar da shi tsugune a gaban motar, da kwalbar man gyaɗan matarsa da tsumma, yana ta goga.

Na ce, "Kai, mi kaka yi?"

Ya ce, "Inna, dabara ce aka koya mani a tasha. Duba ki gani."

Ba ƙarya, gilashin ya yi fes, har ina hango ƙwan ciki. Amma raina bai kwanta ba. Na ce masa ni dai na san man gyaɗa na ƙosai ne. Ya yi dariya ya ce, "To yau mota ma ta ci rabonta. Kuma da rana za mu komo, ina ruwanmu da hitila?"

Da rana ɗin ce ba ta yiwu ba. Muna fitowa daga gidan makoki bayan la'asar hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa, muka fake. Da aka ɗauke na ce mu kwana, ya ce akwai sauran haske, zai kai mu. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba a bari magariba ta riske ka a kanta. Mu kuwa ta riske mu tun ba mu kai Moriki ba.

Yana kunna fitila sai ga shinge, ƙwaron nan mai fiffike da ke fitowa bayan ruwan farko. Ban taɓa ganin yawansa kamar na ran nan ba. Duk wanda ya faɗo kan gilashin sai man ya riƙe shi, taɓon hanya ya bi ya ɗaure. Ina kallo hasken yana raguwa, daga fari ya koma ja, daga ja ya koma kamar garwashin da toka ta rufe. Yaron nan ya leƙo da kansa ta taga yana tuƙi, mota tana rarrafe. Matarsa ta ce ya tsaya ya goge. Ya ce, "A dajin ga? Wa zai tsaya?" Gaskiyarsa. Matarsa ta manna jaririyar a ƙirji don kada ta yi kuka, ni kuwa duk addu'ar da na sani na ja ta.

Kwatsam sai hasken tociloli ya dalle mu ta ko'ina, ga gungume a tsakar hanya, ga ihu: "Tsaya! Kashe! Kowa ya ɗaga hannu!" Na ga bakin bindiga daidai kan ɗana. Ban san ko mutanen daji ba ne ko 'yan sa-kai na ƙauye. Abin da na sani kawai, in yaron nan ya motsa a firgice, an gama. Na ce masa, "Kada ka ko tari." Na buɗe ƙofa a hankali na fito, na ɗaga murya: "Tsohuwa ce da jinjira! Daga gaisuwar mutuwa muke!"

Can wani dattijo ya matso ya haska fuskata, ya haska cikin motar, sai ya sauke bindiga yana salati. 'Yan sa-kai ne.

Ya ce, "Inna, wallahi Allah ya tsare. Mun hango jan haske biyu suna tahowa a saɓule, muka ce babura ne na mutanen can. Haka suke shafe hitilarsu da laka in za su shigo. Yaron ga na kusa da ni saura ƙiris ya saki wuta."

Ya je ya dangwali gilashin da yatsa, ya sunsuna, ya dubi ɗana. "Man gyaɗa? Malam, shinge kaka soyawa ko tuƙi kakai?" Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba. Ina kallon surukata da ta kasa ko sakin hannun ƙofa, hawaye na zuba kan jaririyar.

A ƙauyen muka kwana, a ɗakin matar dattijon. Ban runtsa ba. A nan na gane fitilar mota ba don ka ga hanya kaɗai aka yi ta ba. A ƙasarmu ta yau ita ce ke gaya wa mutane ko kai wane ne tun ba ka iso ba. Na kuma gane gyaran ganin ido ya fi rashin gyara haɗari, don shi ke sa mutum ya saki jiki.

Da gari ya waye muka kamo hanya. Muna shiga Ƙaura ya juya kan mota zai nufi gida, na ce masa ba can ba, garejin masu gyara. Na samu benci na zauna, aka wanke man da sabulu, aka dirje gilashin da samfefa da ruwa har yanar ta fita daga guda. Ɗayan ya tsage, ruwa ya shiga ciki, na ce a cire a sa wani. Da suka gama ɗana ya ce mu tafi, na ce tukuna. Na sa aka tura motar cikin rumfa mai duhu aka kunna, na tsaya a gabanta har hasken ya sa na kare idona da mayafi. Sannan na ce wa surukata ta ɗauko yarinyar ta shiga.