Hammatar Dodon Talabijin

Shekarar da Baffa, ƙanen babanmu mai aikin gwamnati, ya kawo talabijin gidanmu na Ƙofar Kibo, ita ce shekarar da aka fara dawo wa Baba da riguna. Baba maɗinkin babbar riga ne, aikin hannu, ga shi da baki. In ka gifta ƙofar zaurenmu da riga mai aska biyu a karkace, sai ya kira ka ya tambayi wanda ya cuce ka. To, sai ga nasa ɗinkin ya fara karkacewa. Ya ce zare ne ya lalace. Ya ce allurar zamani ce. Idonsa dai, in ji shi, garau yake, mai musu ya zo ya faɗa a gabansa.

Kowace Laraba bayan magariba akan nuno wasu dodanni daga wata duniya, kai kamar ƙwarya a kife, ba baki, yatsu uku, wanda duk suka taɓa sai ya zama toka. Ƙattin unguwa masu cika baki a dandali, da dodannin sun ɓullo sai ka ji a'uzubillahi ƙasa-ƙasa. Baffa kuwa, duk da bokonsa, daidai lokacin fitsari ke matsa masa. Ni ta tsakanin yatsu nake kallo, ba zan yi ƙarya ba. Baba kan zauna gaba, hancinsa kusan a jikin gilashin, yana ce mana ragwaye.

Wata Laraba babban dodon ya ɗaga hannu zai toye wani Bature, sai ɗinkin hammatarsa ya farke, ga farar singileti a fili. Tsakar gida ta ɗauki shewa. Ashe abin da ya hana mu zuwa bayan gida mu kaɗai wata uku, ƙato ne cikin rigar da tela ya yi wa aikin ganin dama.

"Yaya," in ji Baffa yana share hawayen dariya, "yau ga naka. Me ka ce da telansu?"

Kowa ya juya yana jiran Baba ya yi wa telan nan wankin babban bargo. Baba bai yi dariya ba sai da ya ji tamu, sannan ya bi baya. Ya nuna gilashin da yatsa.

"Ai tun ɗazu na gani. Wuyan ne bai zauna ba."

Manya suka sunkuyar da kai, don su suna da hankali. Ni kuwa ɗan gado, bakin nan na Baba na ɗauko kaf.

"Baba, hammata ce! Ga ta nan wage kamar bakin rijiya!"

Har yau in na tuna, kunya ke kama ni, ina jin haushin yaron nan. Baba dai ya zauna har aka gama.

Washegari da hantsi ya kira ni zaure. Ya miƙo mini allura da zare, bai dube ni ba.

"Tunda kai ne mai ido," ya ce, "zura mini."