Kwanon Malam a Zaure

A unguwarmu, can wajen Ƙofar Gayan, maza ba sa cin tuwo a cikin gida. Bayan sallar magariba kowane gida zai fito da kwanonsa zuwa zaurenmu, a jera, a ci tare. Mijina tela ne, kowa Malam yake ce masa, kuma zauren gadonsa ne. Ɗakina yana jikin bangon, duk abin da aka faɗa ina ji.

Da likita ya ce jininsa ya hau ƙwarai, ni aka zaunar aka yi wa bayani. A rage gishiri da dunƙule, a rage mai, a bar kitse, a yawaita ganye da wake, in ba haka ba zuciya za ta iya bugawa ko jiki ya shanye. Na dawo na yi yadda aka ce. Miyar zogale nake yi masa da daddawa, wata rana faten wake da alayyafo, manja ɗan kaɗan. Ba abincin banza ba ne. Na san hannuna.

Ranar farko wani Alhaji mai sayar da yadi, abokinsa tun suna yara, ya ɗanɗana ya ce, "Malam, yaushe ka koma akuya ba mu sani ba? Gobe sai a haɗo maka da dusa."

Suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Kakanninmu da man shanu suka tsufa. Yanzu likita ne ke raba kwana?"

"Ku ƙyale ni mana," in ji Malam. Amma shi ma dariyar yake yi.

Daga nan kwanona ya riƙa dawowa yadda ya fita, shi kuwa ya shigo da maiƙon miyar wani gida a hannu. Na roƙe shi ya ci a ɗaki kafin ya fita. Ya ce in ya zauna bai sa hannu ba, za a ce ya raina abincin maƙwabta. Na ce to ya gaya musu abin da likita ya faɗa. Ya ce sun sani. Sun sani ɗin kuwa. Dattawa ne da furfura da carbi, amma ba a sami ɗaya da ya tura masa kwanonsa gabansa ya ce ci naka ba.

Wata safiya yana kan keken ɗinki ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Alhajin ya zo dubiya da ƙunshin balangu, wai don ya ji ƙarfi. Bayan 'yan makonni Allah ya karɓi abinsa.

Ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma a wajen ta'aziyya, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya da cewa kwanansa ne ya ƙare su ne 'yan zauren, kamar an tambaye su.

Ranar sadakar uku ina ɗaki ina takaba, mata na girki a tsakar gida, matar Alhajin ta leƙo. Ta ce, "Sannu da haƙuri. Alhaji ya ce a gaya miki, abincin sadakar nan a sa masa kayan haɗi sosai, kada a kunyata mamaci a gaban baƙi."

Matan suka juyo suna jiran abin da zan ce.

Na ce, "Ga gishiri can, ga jarkar mai. Ku zuba musu yadda suke so."

'Yan zauren suka cinye tas, sannan suka yi wa Malam addu'a.